Bango a Bakin Malam Krijn

Krijn Wisse ya zo makarantarmu koyon aikin malanta yana da shekara hamsin da uku. Kafin nan albasa yake nomawa, kamar ubansa da kakansa, a gonar da ke bayan ganuwar teku, har gishiri ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya kashe ta. Shekara uku a jere yana tone albasar da ba ta fi ƙwan tantabara ba. A ta huɗu ya sayar da gonar, ya bar ɗan fegi a bayan gida, ya sayi jaka irin ta ɗalibai. Aka turo shi ajina, ajin ƙarshe na firamare, yara ashirin da shida, aka ce ni zan riƙa duba aikinsa.

Ni sunana Tanneke. Shekarata talatin da ɗaya ina koyarwa a ƙauyen nan, kuma an san ni da faɗa wa mutum gaskiya a gaban idonsa. Ina son a tuna da wannan, don zai dawo.

Krijn mutumin kirki ne. Ya riga kowa zuwa, ya goge allo, ya gyara wa yara sarƙar keke da hannun da ya fi faranti faɗi. Kowace Juma'a sai na tarar da ragar albasa a kan teburina, daga ɗan fegin nan nasa. A rumfar kekuna yara har rububinsa suke yi. Amma da ya tsaya gaban aji sai ya sandare. Komai a rubuce yake a takarda, har da mintin da zai faɗe shi, kuma idonsa ba ya barin takardar. In yaro ya yi tambayar da ba ta ciki, sai ya ce, "Za mu zo wurin." Ba mu taɓa zuwa ba.

Jarrabawarsa ta farko a watan Nuwamba aka yi, ya faɗi. Mai jarrabawar, Malama Boone, daga kwalejin horar da malamai take zuwa, doguwa, mai furfura a datse. Al'adarta ta ja kujera can bayan aji ta ce, "Ku ɗauka ba na nan," daga nan ba za ka ƙara jin ko tarinta ba. Abin da ta rubuta masa layi ɗaya ne: takardarsa ya koyar, ba yara ba.

Sau biyu ake ba mutum dama. Ta biyu ta faɗo ranar wata Talata a watan Maris, kuma in ya sake faɗuwa shi ke nan, ba gona, ba aji. Sa hannun mutum biyu ake buƙata a takardar shaida, na Malama Boone da nawa. Nawa rahoton a ambulan ake rufe shi, a miƙa mata da safe kafin a fara darasi. Ranar Lahadi da rana na zauna na rubuta shi, na ce a ganina bai dace da aikin ba. Ban faɗa masa ba. Na ce a raina darasin da kansa zai faɗa masa, ni kuwa in huta.

Ƙwayoyin halitta ya zaɓa, na tsiro da na dabba, yadda ake gane wannan daga wancan. Mako uku yana shiri. Ya aro madubin likita guda bakwai daga sakandaren cikin gari, irin na'urar nan mai ƙara girman abu, da wani na takwas mai kyamara da ke jefa hoto a babban allon bango. Ya kankari cikin kuncinsa don gwaji har sai da ya daina shan miya mai zafi. Ya lissafa komai, har tsinken auduga nawa za a buƙata in wasu sun faɗi ƙasa.

Abu ɗaya bai duba ba, shi ne kalandar ranakun haihuwa da ke rataye kusa da ƙofa. Talatar nan Marit ke cika shekara sha biyu. Darasinsa kuwa ƙarfe goma da kwata ne, daidai bayan rabon da mai ranar haihuwa ke yi wa aji.

Da ƙarfe goma Marit ta hau kujera, aka yi mata waƙa, ta sauko ta ɗauki tire. Tun da makaranta ta hana alewa iyaye mata suka koma gasa da kayan marmari. Uwar Marit ayaba ta aiko, kowace an tsaga bakinta an cusa ɗan inabi, an ɗiga mata ido da alƙalami ta zama kifi. Da gangan ta sayi wadda ba ta gama nuna ba, don ta tsaya ƙyam a tire. Ba a ƙin rabon mai ranar haihuwa. Kowa ya ɗauka, ni ma na ɗauka. Krijn ya cinye tasa a loma uku yana duba agogo, ina jin ko ɗanɗanonta bai ji ba.

Malama Boone ta riga ta zauna a baya da ambulan ɗina a cikin jakarta. Marit ta je gabanta da tire.

"Na gode, yarinya. Ba na nan."

"Amma saura ɗaya ce, taki ce."

"Ba na nan."

Marit ta dawo da kifi ɗaya a tire, kunnuwanta jawur. Joppe, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba tun aji ɗaya, ya ce a hankali, "To wa ya zauna mana a kujera?" Na harare shi.

Ina tauna ayabata na hango matsalar. Na yi wannan darasin ya fi sau ashirin, na san abin da ke faruwa in yaro ya kankari bakin da bai kurkure ba. Famfo na nan taku uku daga inda Krijn ke tsaye. Magana ɗaya ta isa: sa su kurkure baki. Amma doka ta ce mai duba ɗalibi ba ta sa baki ranar jarrabawa, kuma dokar ta yi mini daɗi a ranar. Na haɗiye ayabata, na ɗauki kujera na zauna kusa da Malama Boone.

Da albasa ya fara. A nan dai ba mai koya masa. Ya raba ta huɗu, ya sa farce ya zare tantanin nan na ciki, siriri har ana ganin yatsa ta cikinsa, ya shimfiɗa a ɗan gilashi, ya ɗiga aidin, ruwan maganin nan mai rina abu. Hoton ya fito a allon bango: ɗakuna ɗakuna a jere, ruwan ɗorawa, kamar ginin bulo.

"Kai!" in ji wani daga gaba. "Wannan duk a cikin albasa?"

Krijn bai ɗago ba. Ya karanto daga takarda cewa kowane ɗaki ƙwayar halitta ce guda. Layin nan mai kauri bango ne, shi ke riƙe ta ta tsaya. A jikin bangon ta ciki akwai tantani, shi ke barin abu ya shiga ko ya fita. Ɗigon nan mai duhu cibiya ce, ita ke ba da umarni. Filin tsakiya kuwa jakar ruwa ce, in ta cika tsiro ya miƙe, in ta bushe ya yi yaushi. Duk daidai ne. Muryar ce dai irin ta mai sanar da jirgin ƙasa.

Ilias ya ɗaga hannu. "Malam Krijn, a littafi na tsiro kore ne. Me ya sa wannan ba kore ba?"

"Za mu zo wurin."

Alƙalamin Malama Boone ya motsa. Na san me ya rubuta.

Yara suka yi nasu a madubai bakwai, suka zana. Sai Krijn ya ɗauki alli ya rubuta da manyan baƙaƙe a ƙaramin allo: TSIRO, AKWAI BANGO. DABBA, BABU BANGO.

"Mutum fa?" in ji Marit.

"A wannan lissafin mutum dabba ne."

"Ni tun aji ɗaya na san Ilias dabba ne," in ji Joppe.

"Uwarka ce ta faɗa maka, jaki?" in ji Ilias.

Krijn ya jira suka gama, ya duba agogo. Ya zaro tsinken auduga, ya goga a cikin kuncinsa, ya shafa a gilashi, ya ɗiga aidin, ya sa a madubi mai kyamara. Ya juya ya fuskanci aji yana karanta cewa yanzu za su ga ƙwayoyi marasa bango, masu laushi, ba su da tsayayyen fasali.

A bayansa allon ya cika da manyan ƙwayoyi dogaye, kowace da layi mai kauri zagaye da ita, cikinta cike da baƙaƙen tsaba.

Sai Joppe ya ce, da ladabin da ban taɓa jin ya yi ba, "Malam, ga bango."

Krijn ya waiwaya.

"Malam ya zama albasa!"

"Shekara arba'in yana cikinsu, me kuke tsammani?"

"A zuba masa ruwa kar ya yi yaushi!"

Dariya ta ɓarke har da buga tebur. Masu hanzari sun riga sun kankari nasu bakin. Daga madubi na uku aka ce, "Ni ma ina da shi!" Daga na biyar ma haka. Wata yarinya ta daina dariya ta tambaya ko ciwo ne, ko a kira mamarta.

Na san akwai hoton littafi a aljihun teburinsa, mai kyau, ƙwayar kunci tsaf da sunayen sassanta. Kashe kyamara kawai zai yi, ya ce gilashin ne ya yi datti, ya ɗaga hoton. Takardarsa ta ce ƙarfe goma da minti arba'in a fara zane na biyu. Ya dubi takardar. Ya dubi allon. Sai ya ninke ta huɗu ya tura a aljihun wando, ya sunkuya a kan madubi, ya daɗe har dariyar ta mutu don kanta.

Da ya ɗago, muryar rumfar kekuna ce ta fito.

"Ban san mene ne wannan ba."

Yara ba su saba jin haka daga malami ba. Suka zuba masa ido.

"Jiya na duba bakina, babu. Shekaranjiya babu. Ku ji nan. In na fita gona da safe na tarar da kunya ɗaya ta lalace, sai in zargi iri. In na tarar gonar duka ta canza rana ɗaya, ba iri ba ne, wani abu ne ya bi ta kanta. To me ya bi ta bakinmu, mu duka, yau da safe?"

"Man goge haƙori!"

"Wa bai goge ba yau? Ba zan faɗa a gida ba."

Hannu huɗu suka tashi, biyu a hankali. Aka duba nasu, akwai bango.

"Madara!"

"Ni shayi na sha," in ji Krijn.

Marit ce ta faɗa, kanta a ƙasa. "Ayabata ce."

Krijn ya tafi kwandon shara da kansa, ya zaro ɓawo, ya kankaro ɗan abin da ya rage a ciki, ya shafa a sabon gilashi. Ɗigon aidin na taɓa shi ya yi baƙi. A allo ga su nan, dogaye, masu kauri, cike da tsaba, ba bambanci da na bakinsa.

"To ga masu bangon," ya ce. "Baƙin nan sitaci ne, abincin da tsiro ke ajiyewa don gaba, aidin ne ke tona shi. Marit, ki gaya wa mamarki ayabarta ta fi littafin nan koyarwa."

Marit ta ɗago kai. Wasu suka fara tafi. Joppe kuwa ya naɗe hannu a ƙirji.

"Ban yarda ba."

"Faɗi."

"Kun nuna ayaba tana da bango. Ba ku nuna mu ba mu da shi ba. Wataƙila namu na ƙarƙashi."

"Sai mu kurkure baki mu sake," in ji Ilias.

"Sai in ce kun wanke bangon ne."

Da a watan Nuwamba ne, a nan zai ce za mu zo wurin. Krijn ya sosa ƙeya ya ce, "Yaron nan yana da gaskiya, ko da yake ba daɗin ji. Bakin da bai ci ayaba ba muke nema, kuma ba a wanke shi ba. Akwai?"

Kawuna ashirin da shida suka juya baya a hankali, suka wuce ni, suka tsaya a kan kujerar da ke gefena.

Krijn ya koma teburinsa. Ya zaro sabon tsinke daga takardarsa, ya bi tsakanin tebura, takalmansa na ƙara. Ya tsaya gabanta.

"Malama Boone."

"Ba na nan, Malam Wisse."

"Na sani, ranki ya daɗe. Minti ɗaya kawai nake roƙo ki zo, sai ki koma."

Ta dube shi ta saman tabarau. Ni da na san ta shekara goma sha biyar ban iya karanta fuskar ba. Sai muryar Marit ta zo daga gaba, ba da rashin kunya ba: "Ba ki ci kifina ba. Ko wannan ki yi mana."

Malama Boone ta rufe alƙalaminta. Ta karɓi tsinken, ta juya wajen taga, ta goga, ta miƙa masa.

Ya ɗauki lokaci yana juya madubin. Da farko ba komai sai haske. Sai suka bayyana, shimfiɗaɗɗu, farare-farare, gefensu a lanƙwashe, wasu sun hau kan wasu, kowace da ɗigo ɗaya a tsakiya. Ba layi mai kauri ko ɗaya.

"Ina bangon, Joppe?"

Joppe ya taso har gaban allo, ya kusa manna hanci. "Babu."

"Me ke riƙe ta, to?"

"Tantani kawai."

"Me ya sa albasa ke buƙatar bango, Malama ba ta buƙata?"

"Malama tana da ƙashi," in ji wata.

"Kuma tana son ta tauna," in ji Ilias. "Da bango ne da kuncinta bai motsa ba."

"Dama ba ya motsi," in ji Joppe, ya koma kujerarsa da sauri.

Aka kaɗa ƙararrawar motsa jiki, ba wanda ya tashi. Suna zane. Krijn yana bin tebura, ya tsaya kan Ilias ya ce masa albasa a ƙarƙashin ƙasa take girma, ba ta ganin rana, shi ya sa ba ta ajiye koren abin da ganye ke dafa abinci da shi, gobe ya tsinko ganye a hanya su duba. Da aka tattara takardu, kusan duka sun rubuta sunaye a ƙarƙashin zanen: na hagu albasa, na dama Malama Boone.

A ɗakin malamai muka zauna mu uku, da kofi. Malama Boone ta buɗe fam ɗinta ta bi shi layi layi. An wuce lokaci da minti goma sha biyu. Ba a yi taƙaitawa ba. Ba a sa yara sun kurkure baki ba, kuma wannan sakaci ne. An sa mai jarrabawa cikin darasi, abin da ba a yi. Krijn yana ta gyaɗa kai, ya kife manyan hannayensa a gwiwa.

"Da ka ga bangon, ka san mene ne?" in ji Malama Boone.

"A'a."

"Akwai hoton littafi a teburinka, na gani a tsarinka. Me ya hana ka ɗaga shi?"

"Sun riga sun gani da idonsu. In na ce musu ba haka ba ne, gobe ba wanda zai ƙara leƙawa."

Ta sa hannu a fam ɗin, ta juyo masa da shi ya ga inda ta yi alama. Ya ci jarrabawar. Kofin da ya ɗauka ya mayar bai sha ba.

Sai ta zaro ambulan ɗina ta farke. Ta karanta a zuci, ta ajiye a gabana.

"Malama Tanneke, naki ya saɓa da nawa. Ke za ki karanta masa, ko ni?"

Na karanta. Na karanta cewa Malam Wisse mutum ne mai ƙwazo da riƙon amana, amma ba ya iya barin abin da ya tsara, ba ya jin yara, kuma a shekarunsa ban ga alamar zai canza ba. Na karanta kwanan wata, Lahadi, kwana biyu kafin darasin. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"Kina nan a kan bakanki?" in ji Malama Boone.

"A'a."

Na ja layi a kan rubutuna, na rubuta wani a ƙasa, na sa hannu. Ta haɗa takardun, ta yi mana sallama. A bakin ƙofa ta tsaya gaban tiren Marit, inda kifi ɗaya ya fara baƙi, ta ɗauke shi ta sa a jaka.

Muka rage mu biyu. Krijn ya miƙe ya wanke kofinsa, ya wanke nawa. Yana goge hannu ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ayabar nan, Tanneke. Kin gane?"

"Na gane."

"Tun yaushe?"

"Tun ƙarfe goma."

"To," ya ce. Ya rataye tawul ɗin daidai, ya tafi haɗa madubai.

Laraba da Alhamis muka yi aiki kamar kullum. Ya duba ganye da Ilias, na gyara takardun lissafi. Bai ƙara tayar da maganar ba, ni kuma, mai faɗa wa mutum gaskiya a gaban idonsa, ban samu bakin tayar da ita ba. Ranar Juma'a na zo da wuri, ina fatan in tarar da teburina fayau, don da hakan ya fi mini sauƙi.

Ragar albasar na nan a inda take zama, an ɗaure bakinta tam.